Ƙafar Kaka da Motar Kawu

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, ina zaman jiran sakamakon jarrabawar bak, ƙafar Kaka ta hagu ta fara yi mata gardama. Ni ce jikar da aka ba ta riƙo tun ina rarrafe, don haka mu biyu ne a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram, sai kaji, sai wata bishiyar bedi da ba ta gajiya da zubar da ganye a tsakar gida. Ba ni da aikin yi a lokacin in ban da karatun littattafai da kallon inuwa tana sauya wuri a jikin bango. Da ba don zaman banzan nan ba, wataƙila da ban lura da wuri ba.

In mun fita, ba ma yin nisa sai Kaka ta tsaya. Ba ta cewa ciwo ne. Sai ta tsura wa zanen ƙofar wani gida ido, gidan da take wucewa tun kafin a haifi uwata, ta ce, "Kai, magina na da sun iya aiki." Ko ta tare wata mata da ba su saba ba, ta gaishe ta, ta tambayi miji da yara da dangin miji, har da akuyar gidan. In ta ɗan huta sai mu ci gaba, can gaba kaɗan kuma a sake samun wata ƙofa mai kyau. Ranar da ta tsaya tana yaba tulin shara ce na ce mata, "Kaka, faɗa mini gaskiya."

"Wani abu ne ke damƙe mini tsokar bayan ƙwauri," in ji ta, "kamar hannun mutum. In na tsaya sai ya saki. 'Yar lakwal, kar ki faɗa wa mai mota." Haka take kirana, wato 'yar makaranta.

Mai mota shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, babban ma'aikaci a wani biro, wato ofis, mai farar mota doguwa da ake wankewa kowace safiya a garin da ruwan sha ma sai an yi layi. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In yana zaune a gabanta, ni take kallo, ko bango, ta ce, "A faɗa wa mai mota ya rage cin maiƙo." Shi kuwa yana sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Da na koma gida na taɓa tafin ƙafarta. Ta dama da ɗuminta, ta hagu kuwa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na kasa riƙe maganar, na faɗa wa Kawu, washegari ya sa aka kai mu asibiti.

Likitar mace ce, siririya, ba ta girme ni da yawa ba. Ta daɗe tana lalube a bayan idon sawun Kaka da saman ƙafa, ta sa wata 'yar na'ura tana saurare. Sannan ta zauna ta yi bayani da Hausa mai sauƙi. Ta ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke, jini ba ya isa ƙasa yadda ya kamata, shi ya sa in tsoka ta yi aiki sai ta yi kukan yunwa. Ta rubuta ƙwaya ta tsinka jini da ta tansiyo, wato hawan jini. Ta ce a kiyaye ƙafar, kada a yanke ta, kada a gasa ta, domin ciwo a irin wannan ƙafa ba ya son warkewa. Babban maganin kuma, in ji ta, tafiya ce. Kullum Kaka ta taka har ciwon ya zo, ta huta, ta sake takawa. A hankali jini zai nemi ƙananan hanyoyi ya zagaya, kamar yadda mutane ke bin lungu in an toshe babban titi.

Ni maganar ta burge ni. Na yi ta hango jini sanye da jan mayafi yana ratsa lungunan Birni yana sallama a ƙofar kowane yatsa. Kaka kuwa tambaya ɗaya ta yi.

"Allura fa?"

"Babu allura, Hajiya."

"Yarinya, ciwon da tafiya ke tayarwa, shi za ki ce tafiya ce maganinsa?"

"Ita ce, Hajiya."

Kaka ta yi mata godiya, ta sa mata albarka. Muna fitowa ta ce mini, "Baiwar Allah, ga hankali ga ladabi. Sai dai da alama ba ta gama lakwal ɗin ba aka ba ta farar riga."

Da yamma na kai wa Kawu bayani. Ya saurara har na zo kan tafiya, sai ya cire tabarau.

"Ta yi me?"

"Tafiya, Kawu."

"A ƙasa? Inna? A cikin Damagaram?" Ya miƙe ya sake zama. "Ke yarinya ce. Gobe a majalisa za a ce ga wane ya sayi mota ya bar uwarsa tana jan ƙafa a titi kamar mai tallan kuka. Wace irin likita ce za ta ce mara lafiya ya wahala? Mara lafiya hutu yake so."

Kashegari aka sauke katifa mai kauri a rumfar Kaka, da matasai, da wata mata da aka ɗauko don ta riƙa miƙo mata komai. Buta ma kawo mata ake yi. In ta yunƙura za ta kori kaza, sai a yi caa a kanta: "Zauna, Hajiya, zauna!" Matar da ta yi shekaru tana zuwa kasuwar Dole da ƙafarta ta koma kamar tulu, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Duk wannan kuwa ƙauna ce tsantsa, babu mai musu.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. A wurinmu ba a zuwa gaida mara lafiya da "sannu" kaɗai. Kowa yana da wani da ya taɓa yin irin ciwon, yana kuma da abin da ya warkar da shi, ƙulle a bakin zane. Ba a ƙin karɓa, domin ƙin karɓar magani daga hannun mutum kamar ce masa ne kana zarginsa. Ba a kuma cewa a ajiye sai anjima. Mai magani yakan gyara zama ya jira ya ga an sha.

Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita ce ta fara. Ta taɓa ƙafar ta ce, "Sanyi ne. Likitocin nan ba su san sanyi ba, a littafinsu babu shi." Ta kawo tafarnuwa da citta da kanumfari an kirɓa da man shanu, a sha rabi a shafa rabi. Kwana da kwanaki Kaka tana ƙamshin miyar biki. Ƙanwar Kaka ta zo daga Mirriya da buhun sassaƙe da saiwoyi, ta ce ba sanyi ba ne, wani abu Kaka ta taka a mararraba. Aka dafa, ruwan ya fito baƙi, ɗacinsa har a hanci ake jin sa. Kaka ta kurɓa, fuskarta ta tattare wuri guda, ta ce, "Yawwa. Wannan shi ne magani."

Wani tsoho danginmu daga Tirmini ya kawo man jimina a kwalbar turare.

"Hajiya, kin taɓa ganin jimina tana ɗingishi?" in ji shi.

"Ban taɓa ba, Malam."

"To, kin gani."

Na so in ce ban taɓa ganin kaza tana tari ba, amma ba a sha romonta don tari. Na haɗiye, domin ni ce ƙarama a rumfar, aikina miƙa kofi.

Shi kansa Kawu bai zauna ba. Akwai wani ɗan kasuwa daga Kano da ke tsayar da mota a bakin tasha da lasifika a kanta, yana sayar da wani jan ruwa mai maganin basir da shawara da ciwon baya da mantuwa da ciwon ƙafa, har da wasu cututtukan da in ya fara lissafa su mata ke jan mayafi su ƙara sauri. Kawu ya aika aka sayo katan guda, don kada a ce ya yi wa uwarsa ƙwauro.

Wanda ya fi kowanne daraja shi ne na matar Kawu. Ta zo da wasu 'yan bututu masu launi, ta ce wata abokiyar aikinta ce ta taho da su daga Faransa. A ciki akwai ƙwayoyi farare ƙanana kamar gero, masu zaƙi. Ba a taɓa su da hannu, in ji ta, a murfi ake zubawa a sa ƙarƙashin harshe. Ta yi mana bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi: ana ɗaukar ɗigon magani a zuba cikin ruwa mai yawa a girgiza, a ɗebi ɗigo daga nan a zuba a wani ruwan a girgiza, haka haka har sai babu sauran maganin a ciki. Iya yawan sirkin, iya ƙarfinsa.

Kaka ta sa a baki tana tsotsa. Can ta ce, "Ikon Allah. Ashe mai nonon da nake yi wa faɗa kullum likita ce ban sani ba."

Matar Kawu ba ta yi dariya ba. Bayan kwana kaɗan tururuwa suka gano inda bututun suke. Na tarar da su sun yi layi daga taga har ƙarƙashin matashi, kowace da farar ƙwaya a ka. Na daɗe a tsugune ina kallonsu, ban ga mai ɗingishi ko ɗaya ba, na kuma san abin da tsohon Tirmini zai ce.

Ƙwayoyin likita kuwa suna can cikin kwano a kan taga. Ba su da ɗaci, ba su da wari, ba kuma wanda ya zauna ya jira a sha su, tunda likita ba ta zuwa dubiya. In na kawo, Kaka ta ce, "Cikin nan guda ɗaya ne, 'yar lakwal. Bari masu ido a kaina su tafi tukuna." Masu ido kuwa ba sa ƙarewa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina son rumfar a wancan lokaci. Ina son sunayen itatuwan, sabara da marke da maɗaci da tazargade, ina son tururin da ke tashi daga tukwane da yamma, da yadda tsofaffi ke magana a kan saiwa kamar suna maganar wata ƙawarsu ta ƙuruciya. Wasu daga cikin abubuwan nan ba sa cutar da kowa, shayin citta ma har ni nake sha. Sai dai ƙafar tana ƙara sanyi, farcen yatsun ya dushe, gashin ƙwaurin ya kakkaɓe.

Daga nan aka kira wanzami. Tsohon wanzamin gidanmu ne, shi ya yi wa kusan duk 'ya'yan dangi askin suna. Ya duba ƙafar ya ce mataccen jini ne ya taru, in ba a fitar da shi ba babu saiwar da za ta yi aiki. Na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, likita ta ce kada a yanke ƙafar."

Ya dube ni da fara'a. "Malama, ni na cire miki beli kina jaririya, da shi kike wannan Faransancin. Matso mini da ƙahon."

Ya yi tsaga a saman idon sawu, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Jini kaɗan ya fito, baƙi-baƙi. Ya zagaya da shi a ɗan kasko kowa ya gani, mata suna ta salati. Aka ce yau ciwo ya ƙare.

Tsagar ba ta rufe ba. Ta yi ruwa, ta buɗe baki, gefenta ya yi duhu. Aka barbaɗa garin bagaruwa, aka shafa zuma, aka ɗaura ganye, tana dai faɗaɗa. Ciwon da a da sai an yi tafiya yake zuwa ya koma zuwa har a zaune. Kaka ta daina tsokanata. Wata safiya ina canza mata tsumma na ji wani wari da ba na magani ba, na ɗaga kai muka haɗa ido. Ta ce a hankali, "A faɗa wa mai mota ya zo da motar."

A barandar asibiti akwai wani dattijo a kan benci, an naɗe ƙafar wandonsa ɗaya an soke da fil a daidai gwiwa. Kaka ta gaishe shi, ya amsa, ta kawar da kai. Ban taɓa ganin ta gajarta gaisuwa haka ba.

Likitar ta buɗe ciwon, ta daɗe tana dubansa. Ta tambayi ƙwayoyin, na faɗa mata inda suke. Ta tambayi tafiya, Kawu ya gyara murya ya ce ai an sama mata cikakken hutu. Sai likitar ta juya ta yi masa magana da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, maganar da ban taɓa jin an yi wa Kawu irinta ba, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sannan ta durƙusa a gaban Kaka, ta sa yatsa ta ja layi a ƙasan gwiwarta.

"Hajiya, in ciwon nan ya haura, daga nan za a yanke. Ba na so. Ki taimake ni."

Kaka ta dubi inda yatsan ya bi. "Har da takawar?"

"Ciwon ya rufe tukuna. In ya rufe, har da takawar."

Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida Kaka ta tambaye ni me likita ta ce wa mai mota da yaren nasara. Na ce ta yaba katifar.

Watannin zafi gaba ɗaya a hanyar asibiti muka yi su. Kowace safiya majo, malamin asibiti, yana wanke ciwon ya ɗaure, Kaka tana damƙe hannuna tana kiran sunan Allah. Kawu da kansa yake kai mu kafin ya wuce biro, kuma ina jin har cikin ransa ya ji sanyi da aka samu maganin da ke buƙatar mota. Ƙwayoyin likita suka sauko daga taga. 'Yan dubiya ba su daina zuwa ba, amma Kaka ta koyi sabuwar dabara: ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ce yanzu ta sha na wane, kada su haɗu a ciki su yi faɗa. Wannan hujja kowa ya gane ta. Jan ruwan Kano kuwa na riƙa tuttula shi kaɗan-kaɗan a gindin bedi, bishiyar ba ta ce komai ba.

Wajen saukar ruwan farko ciwon ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi. Likita ta ce saura tafiya. A nan aka sake cijewa, kuma wannan karon ba Kawu kaɗai ba ne.

"In je ina?" in ji Kaka.

"Ko'ina, Kaka. Ki dai taka."

"Tafiya babu wurin zuwa? Wannan ai sai nasara ko wanda kansa ya taɓu. In an tambaye ni ina zuwa, in ce me? In ce ina bin ƙafata?"

Kawu ya kawo shawarar ta riƙa zagaya tsakar gida, inda ba mai gani. Ta gwada. Kaji suka zaci tsaba za ta watsa, suka bi ta a baya duk inda ta juya. Ta zauna ta ce ita ba akuya ba ce da za ta riƙa kewaya turke. Na zauna kusa da ita ina kallon ƙafar, ina kallon ƙasan gwiwar. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya koya mini yadda ake sama wa tsohuwa dalilin fita.

Dalilin da kansa ya zo. Aka ce ƙanwar Hajiyar maƙwabta, wadda ke can ƙarshen unguwa, tana kwance da ciwon baya. Kaka ta ji, ta ɗaga kai ta dubi kwalabe da ƙulle-ƙullen da suka cika lungun ɗaki.

"Lokacin da nake kwance ta zo," in ji ta. "Ɗauko mini mayafi. Ki ɗauko man jiminar nan ma."

Ashe abin da muke nema yana gabanmu. Duk wanda ya zo dubiya ana rama masa, Damagaram kuwa ba ta taɓa rasa mara lafiya ba. Ga wurin zuwa, ga abin riƙewa a hannu. Ni na ɗauki nauyin zaɓe: na shafawa da na kayan yaji su ke fita, baƙaƙen ruwan da ba a san asalinsu ba su tsaya gida.

Labari ya kai wa Kawu kafin mu kai bakin titi. Da la'asar ya zo ya durƙusa a rumfa.

"Inna, ki dubi Allah. Duk inda kike so zan kai ki."

Kaka ta dubi bango. "A faɗa wa mai mota, ranar da yarinyar nan ta ja layi, ba a tayar motarsa ta ja ba."

"Inna, mutane za su yi magana."

"A faɗa masa in an yanke ma za su yi."

Kawu ya daɗe a durƙushe. Daga ƙarshe ya fito da sharaɗin da har yau in na tuna sai na yi murmushi. Inna za ta taka, ya yarda. Amma motar za ta bi ta a baya, don duk mai ido ya ga tana da abin hawa, ita ce ba ta so.

Haka aka yi. Kowace la'asar in ya taso daga biro, sai mu fito: Kaka a gaba da sanda, ni a gefenta da ƙullin magani, farar mota a bayanmu tana rarrafe. In ciwon ya damƙe ta ta tsaya, mota ta tsaya. In ta ɗaga ƙafa, mota ta motsa. 'Yan kabu-kabu suna zagaye mu suna ihu, "Alhaji, in turawa ake so a faɗa!" Amalanken jaki ya taɓa wuce mu, mai jakin har da ɗaga hannu. In mun shiga lungun da mota ba ta shiga, Kawu ya tsaya a bakinsa ya buɗe ƙofar baya ya bar ta a buɗe, don kada wani ya yi kuskuren fahimta.

Abin da Kawu ya ji tsoro bai faru ba, kishiyarsa ce ta faru. A majalisa aka riƙa cewa, "Kun ga ɗa na gari? Ko taku uwarsa ke yi, mota na gadinta." Na ji an ce wasu tsofaffi a unguwar Zengo sun fara tambayar 'ya'yansu me ya sa su ba a bin su da mota.

Ba zan ce da sauƙi ba ne. Akwai ranakun da Kaka ke jingina da bango, idonta a rufe, ni kuma ina tsaye ina jin motar tana huci a bayanmu da kujera mai laushi a ciki. Sau da yawa na so in ce mata ta shiga. Ita ce ke buɗe ido ta ce, "Ya saki. Mu je." Da farko famfon unguwa ne iyakarmu. Daga baya muka riƙa kai wa gindin manyan duwatsun nan da awaki ke hawa. Kafin a yanke gero mun fara fita bayan ganuwa, kuma ta daina yaba ƙofofin mutane.

Masu magani kuwa kowa ya ɗauki nasarar ya sa a aljihu. Hajiyar maƙwabta ta ce tafarnuwa ce, sai dai tana da jinkirin aiki. Ƙanwar Kaka ta aiko daga Mirriya cewa dama ta faɗa. Matar Kawu ta ce ƙwayoyin Faransa haka suke, ko kaɗan aka sha suna nan suna aiki a ɓoye. Wanzami ya tare mu a hanya ya dubi tabon ya ce, "Da ban fitar da jinin nan ba fa?" Kaka ta ce wa kowannensu, "Allah ya saka da alheri, naka ne ya yi."

Wata rana a kan hanyar Zengo motar ta gaji da tafiyar tsofaffi. Ta yi tari, hayaƙi ya taso daga gabanta, ta mutu a tsakiyar titi. Kawu ya fito ya rasa yadda zai yi: ya tsaya da mota ya bar uwarsa ba rakiya, ko ya bar mota. Ya bar motar. Ya biyo mu da babbar riga da takalmi mai tsini, tumbi a gaba, yana haki. Ba mu yi nisa ba na ji takunsa ya ɗauke. Na waiwaya na gan shi tsaye yana nazarin zanen ƙofar wani gida.

Kaka ba ta waiwaya ba. "A faɗa wa mai mota," in ji ta, "in ƙafa ce, akwai sauran tafarnuwa a gida."

Da sanyi ya shigo muka koma wurin likita. Ta sa yatsunta a saman ƙafar ta laluba, ta matsa gaba kaɗan, ta sake lalubawa. Na matso kusa. Sai ta kama hannuna ta ɗora yatsuna a inda nata suke. Can ƙasa, da ƙyar, wani abu yana motsi kamar ɗan tsako a cikin ƙwai.

"Hanyoyin ba su koma sababbi ba, Hajiya," in ji ta. "Ƙwaya har abada, tafiya har abada. Ranar da kika koma katifa, mu sake magana. Amma yau ƙafar taki ce."

Kaka ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ashe kin gama lakwal ɗin."

Daga asibiti ba gida muka nufa ba. Ta ce kasuwar Dole za mu, kuma da ƙafa. Takalminta ya cinye, dugadugin ya huje har ƙasa na shiga, abin da rabonta da gani tun tana zuwa rijiya. A rumfar mai takalma ta zauna a benci tana zaɓe, wannan ya yi tauri, wancan na 'yan mata ne. Da ta sami mai laushi, mai rufe yatsu, sai mutumin ya miƙo mata ƙafa ɗaya ta gwada, yadda suka saba.

"Ina ɗayan?" in ji Kaka.

"Ai duk ɗaya ne, Hajiya. In wannan ya yi, wancan ma zai yi."

"Miƙo shi, ɗan nan. Biyu na zo da su."

Ta sa na dama, ta sa na hagu a hankali da hannunta, ta miƙe ta taka zuwa bakin rumfa ta dawo. Ta ce kada a naɗe, a jefar da tsofaffin, a ƙafa za ta tafi da su. Akwai wata mata a bayan kasuwa da aka ce ta karye a hannu, kuma rana ba ta faɗi ba tukuna.